Kafasita ba zuma ba ce, ku daina ce mana tsohuwa ta fi magani

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren yau mai tsawo ne. Da masu gyaran amfilifaya da rediyo nake, da ɗalibai 'yan uwana masu haɗa firojet, da duk wanda ya taɓa cewa "ai tsohuwar kafasitar Japan ta fi sabuwa sau goma". Na gaji da wannan magana. Ta ci min kuɗi, ta kuma kunyata ni gaban dattawan unguwarmu. 🧵

2/ Ina aji uku a Jami'ar Tarayya ta Dutse, fiziks nake karantawa, kuma tun ina sakandare nake zama a shagon gyaran rediyo. Shi ya sa da amfilifayar masallacin unguwarmu ta fara gurnani, wani "huuum" da ke danne muryar ladan, ni aka kira. Wai ga ɗan jami'a a gida, me za a je nema a waje.

3/ Na buɗe. Manyan kafasitoci biyu ne a ɓangaren wuta, 10,000uF 50V kowacce, ɗaya ta kumbura kamar fanke. Aka yi karo-karo bayan sallar isha'i, har da tsohon da na san abincin gobe ma sai ya nema. Washegari na hau mota, Kwanar Huguma, Wudil, sai Kano.

4/ Mai shagon ya ajiye min sabuwa, ya ajiye min ciro. Ya ce "Ɗan makaranta, ɗauki wannan. Daga tsohuwar rediyon Japan aka cire ta. Ji nauyi. Da tsohuwar zuma ake magani." Ya ba ta caji, ya haɗa ƙafafunta da sukundireba, ta yi tas! da tartsatsi. Na biya kuɗin da ya fi na sabuwar, ina ta murna na yi dace.

5/ Kwana tara tana aiki. Ran na goma da asuba gurnani ya dawo, sai fus, sai wari kamar na ruɓaɓɓen kifi. Ta tafi da fiyus da dayod ɗin da ke juya wuta. Ladan da baki ya ƙarasa. Liman bai yi min faɗa ba, cewa ya yi "Ba komai ɗana, Allah ya kiyaye gaba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

6/ Ba zan ɗora wa mai shago duka laifin ba. Shi ma abin da ya gada ya faɗa min, kuma ya yarda da shi. Ni ne mai karatun fiziks da ya sayi kaya da nauyi da tartsatsi, bai auna komai ba. To tun daga ranar na zauna na karanci abin nan, ga abin da na samo.

7/ Kafasita, wadda tsofaffin masu gyara ke ce wa kwandansa, randa ce ta wutar lantarki. Tana tara caji, ta sake shi lokacin da ake buƙata. Wutar gidajenmu 50Hz ce. In an juya ta da dayod huɗu, tana zuwa a tsittsinke sau 100 a daƙiƙa. Randar nan ce ke cike gurbin. In ta gaza, wannan 100Hz ɗin kake ji a lasifika. Shi ne gurnanin.

8/ Lissafin ba wuya. Amfilifaya mai jan 1A, da kafasita 10,000uF lafiyayya, rawar da wutar za ta yi kusan 1V ce. In ta bushe ta koma 2,000uF, rawar ta zama 5V. Lambar da ke jikin gwangwanin ba ta canja ba, har yanzu 10,000 take nunawa. Ciki ne ya canja, kuma ido ba ya ganin ciki.

9/ Me ke cikin? Irin mai gwangwanin nan da muka fi amfani da ita, faifan alminiyam biyu ne aka naɗe kamar tabarma, a tsakaninsu takarda da aka jiƙa da ruwan sinadari, aka toshe gindin da roba. Ku riƙe kalmar nan: RUWA. Abin da ke da ruwa a ciki, da murfin roba, yana bushewa. Ko an yi aiki da shi ko yana ajiye.

10/ Zuma ba ta lalacewa don ruwanta kaɗan ne. Kafasita kuwa da ruwanta take rayuwa. Don haka duk wanda ya kawo maka karin maganar tsohuwar zuma a kan kafasita, ka ce masa ya kawo ta tsohuwar fura, ita ce ta dace.

11/ Kuma ba ni na ce ba, masu ƙera su ne suka rubuta. Je ka duba takardar bayanin kaya ta Nichicon ko Rubycon ko Nippon Chemi-Con ko Panasonic. Za ka ga kamar "awa 2,000 a zafin 85°C". Ƙa'idar da suke bi: duk ragin zafi na digiri 10, tsawon rai ya ninka biyu. Duk ƙarin digiri 10, ya rabu biyu.

12/ Mu kawo lissafin gida. Watan Afrilu a Dutse zafi kan haura digiri 40. Cikin akwatin amfilifaya, kusa da taransifoma, a ɗakin da aka rufa da kwano, mu ce 55. Daga 85 zuwa 55 ninki uku ke nan: 2,000 ta koma 4,000, ta koma 8,000, ta koma awa 16,000. In ana kunnawa awa 8 kullum, shekara biyar da rabi ke nan.

13/ Mai 105°C fa? Daga 105 zuwa 55 ninki biyar ne, awa 64,000. Shi ya sa nake cewa a ƙasar nan tamu 105°C ce ta dace da mu. Amma ko ita, masu ƙerawar kan ce kada a ɗora lissafin rai sama da shekara 15, saboda robar gindin kanta tana tsufa.

14/ To ka ji fa. Kamfanin da ya ƙera ta ya tsaya a shekara 15. Kai kuma ka ciro ta daga rediyon 1985, wadda ta sha rana a bola, aka kuma gasa ƙafafunta da wuta wajen cirewa, kana rantsuwa ta fi sabuwa. Ka fi mai doki sanin dokinsa ne?

15/ Kada a yi min mummunar fahimta. Kayan Japan na da sun yi kyau, babu musu. Lokacin da aka ƙera kafasitar nan mai inganci ce. Amma tayar mota mai inganci ma in ta shekara 30 a ajiye ba za ka saka ta ka hau titin Birnin Kudu ba. Ingancin ranar haihuwa daban, lafiyar yau daban.

16/ Sai gwajin tartsatsi. Haba jama'a. Abin da tartsatsi ke nuna maka kawai shi ne ta riƙe wani caji na ɗan lokaci. Bai gaya maka nawa ta riƙe ba, bai gaya maka tana yoyo ba, bai gaya maka za ta jure cikakkiyar wutar aikinta ba. Tawa da ta fashe ai ta yi tartsatsi mai kyau.

17/ Kuma yana da haɗari. 10,000uF a kan 63V tana ɗauke da kusan jul 20 na makamashi. Ya isa ya ci bakin sukundireba, ya watso maka narkakken ƙarfe a ido, ya kuma raunata kafasitar daga ciki. In za ka sauke caji, yi da rizista mai ƙwari ko ƙwan fitila mai zare, sannan ka tabbatar da mita kafin ka kai hannu.

18/ To ya ake gane mai kyau? Gwaji huɗu ne, kuma sai ta ci duka huɗun. Na ɗaya, ido. Kai ya kumbura? Robar gindi ta turo waje? Akwai ɓawon ruwa da ya bushe ko tsatsa a ƙafa? Ledar jikin ta tsuke ta ja baya saboda zafi? Ko ɗaya ka gani, jefar. Amma ka sani ido yana kama mara kyau ne kawai, ba ya wanke mai kyau. Da yawa sun bushe ƙayau ba su kumbura ba.

19/ Na biyu, adadin da take riƙewa. Yawancin masu gwangwani ana ba su sassaucin kashi 20 sama ko ƙasa. Mai 1,000uF in ta karanta 800 zuwa 1,200 tana cikin ƙa'ida. Amma ga tarko: tsohuwa mai yoyo kan karanta SAMA da lambarta a mita, don mitar na ɗaukar jinkirin cikarta a matsayin girma. Ka ga 1,500 ka ce ka tsinci dami a kala, alhali rariya ka saya.

20/ Na uku, ESR, wato turjiyar da ke cikin kafasitar kanta. Ka ɗauka bakin randar ne ya toshe: ruwa na ciki amma ba ya fita da sauri. In ruwan sinadarin ya bushe ESR na hawa, ESR in ta hau kafasitar na ƙara zafi, zafi na ƙara busar da ita. Haka take cin kanta har ta mutu.

21/ A taƙaice, lafiyayyar 1,000uF ya kamata ta nuna wajen 0.1 om ko ƙasa. Manya irin 10,000uF ƙasa da haka sosai. Ƙanana irin 10uF kan kai om 1 zuwa 2, wannan ba laifi. Hanya mafi sauƙi: auna sabuwa amintacciya mai lamba ɗaya, ka kwatanta. In tsohuwar ta ninka ta biyu ko uku, ta gama yayi.

22/ Na huɗu, yoyo, kuma shi aka fi tsallakewa. Fatar da ke raba faifan biyu wata siririyar tsatsar alminiyam ce, kuma in kafasita ta daɗe ba ta ga wuta ba fatar na rauni. Ƙa'idar da aka saba ita ce 0.01 sau uF sau V, a maikro'amf. Mai 1,000uF 50V kada yoyonta ya wuce 500uA bayan 'yan mintuna a kan wuta.

23/ Yadda za ka auna: ba ta wutar DC ta cikin rizista 10k, kana ƙarawa a hankali har kusa da lambarta, ka ɗora mita a kan rizistar. Duk 1V da ka gani 100uA ne. In lambar na ta sauka, fatar na farfaɗowa. In ta tsaya a sama ko kafasitar ta ɗau ɗumi, sallame ta. Wannan na ƙaramar wuta ne fa. Na tsofaffin rediyo masu kwalba da ke kai 400V kada ka taɓa sai da oga a tsaye.

24/ Na san me za ku ce a ƙasa, don an sha gaya min. "Ɗan boko, sababbin da ke kasuwa ai jabu ne." Gaskiya ne akwai jabu, sosai ma. Har akwai wadda in ka yanka babban gwangwanin za ka tarar da 'yar ƙaramar kafasita a ciki an liƙa mata waya. Akwai kuma tsohuwa da aka sauya wa riga aka buga mata sunan babban kamfani.

25/ Sabuwa ma ta taɓa ba duniya kunya. Daga wajajen 1999 zuwa 2007 kafasitoci masu gurɓataccen ruwan sinadari, akasari daga wasu masana'antun Taiwan, sun cika kwamfutoci suna kumbura tun ba su tsufa ba. A 2005 kamfanin Dell ya ware wajen dala miliyan 300 don gyaran kwamfutocin da abin ya shafa.

26/ Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, fanel ɗin kwamfutocin wancan zamanin su ne fa yanzu ke yawo a buhunan 'yan jari bola, daga nan ake ciro "orijina" a sayar mana. Na biyu, in sabuwa na iya zama jabu, tsohuwa na iya zama busasshiya, amsar ɗaya ce: a auna. Tsoron jabu bai zama hujjar sayen gawa ba.

27/ "Ba mu da kuɗin na'urar awo." Wannan ma na ji. Akwai 'yar na'urar gwada kayan lantarki da Markus Frejek ya fara ƙirƙira, Karl-Heinz Kübbeler ya faɗaɗa ta, suka saki tsarin kyauta. Da ATmega328 take aiki, irin ƙwaƙwalwar da ke cikin Arduino Uno. Tana nuna uF da ESR lokaci ɗaya. Kwafinta sun cika kasuwannin intanet, kuma kuɗinta bai kai na amfilifaya ɗaya da za ka ƙona ba.

28/ Sharaɗi biyu dai. Ka sauke cajin kafasita kafin ka ɗora, in ba haka ba na'urar ce za ta fara mutuwa. Sannan da 'yar wutar da ba ta wuce 5V ba take gwaji, don haka ba ta maye gurbin gwajin yoyo na 23/.

29/ "Ogana ya shekara 30 yana gyara bai taɓa riƙe mitar ESR ba." Ina girmama ogana, a hannunsa na koyi riƙe ƙarfen dalma, kuma kunnensa na gane ciwon rediyo kafin a kwance ta. Amma lokacin da ya fara, rediyon 1985 yarinya ce. Shawararsa ta yi daidai a zamaninta. Kayan ne suka tsufa, shawarar ba ta bi su ba.

30/ Yanzu ɓangaren da masu son tsoho za su ji daɗi. Ba kowace kafasita ke da ruwa ba. Masu leda a ciki, irin 'yan kore da ja da rawayan nan na foliyesta da folifirofilin, da na mika, suna iya shekaru masu yawa lafiya lau. In ka samu tsohon fanel, SU za ka cira. A hanyar da sauti ke bi sun ma fi masu gwangwani.

31/ Karatun lambarsu: biyun farko adadi ne, ta uku yawan sifili, a fikofarad. 104 na nufin 100,000pF, wato 100nF ko 0.1uF. 473 na nufin 47nF. Harafin da ke biye sassauci ne: J kashi 5, K kashi 10, M kashi 20. Ka haddace wannan, babu mai sake yi maka cinikin biri a sama.

32/ Na yumɓu kuma kala-kala ne. C0G ko NP0 tsayayyu ne, sun dace da sauti. X7R da Y5V adadinsu na sauka in wuta ta hau kansu, wasu ma in ka ƙwanƙwasa su za ka ji a lasifika. Na tantalam, 'yan kamar ɗigon fenti, in za su mutu haɗewa suke yi, wani lokaci har da wuta. Kada ka juya musu ƙafa.

33/ Waɗanda za ka guje wa gaba ɗaya: na takarda da kakin zuma na rediyon zamanin Turawa, suna shan danshi su yi yoyo. A Amurka akwai masu zuba daloli a kan tsofaffin Sprague da ake kira Bumblebee don an sa su a gitar Gibson ta shekarun 1950, alhali da yawansu yoyo suke. Camfin tsoho ba mu kaɗai ya kama ba, nasu dai ya fi tsada.

34/ Kuma manyan masu mai a ciki na kafin 1980, wasu na ɗauke da sinadarin PCB mai guba, wanda Amurka ta hana ƙerawa a 1979. Kada ka fasa, kada ka shafa man, kada ka ƙona. Ƙannenmu masu ƙona fanel don cire jan ƙarfe, don Allah a riƙa gaya musu hayaƙin nan cuta ne.

35/ In za ka canja, ƙa'ida uku. uF ta zama daidai ko kusa. V ta zama daidai ko sama, kada ƙasa. Ƙafar da ke gefen zanen nan ita ce nagatif, in ka juya fashewa za ta yi. Taransifoma mai ba da 35V, bayan juyawa kusan 49V ne. Wuta ta ƙaru da kashi 10, ko janareta ya yi haushi, ka haura 50V. Saka mai 63V ka yi barci.

36/ Abin da nake nema ba shi da yawa. Masu sayarwa, daga Sabon Gari a Kano har rumfunan Dutse, ku ajiye na'urar awo a kan tebur kamar yadda mai hatsi a Shuwarin ke ajiye tiya. Ba wanda ke sayen gero da "ji nauyi". Ciro kuma a kira ta ciro, a sayar da ita a kuɗin ciro.

37/ Masu kai gyara, ku tambaya: "Wadda ka saka sabuwa ce ko ciro? Nawa ta karanta?" Ku karɓi wadda aka cire. Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba. Kuɗin masallaci, na Islamiyya, na mai gidan kallon ƙwallo, na mai DJ da ya ci bashi ya sayi kaya, duk amana ce a hannun mai riƙe da dalma.

38/ 'Yan uwana ɗalibai na nan jami'a, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jigawa a Dutse, da ta Hussaini Adamu a Kazaure: maimakon mu yi ta maimaita firojet ɗin da za a jefa a sito, mu haɗa na'urar awon nan, mu kai wa ogogin da suka koya mana aiki. Su suna da kunne da hannu, mu muna da lissafi. Ba gasa muke ba.

39/ Ƙarshen labarin amfilifayar: da kuɗin abincina na wata na sake sayen kayan, don ba ni da idon da zan sake kallon tsohon nan a yi karo-karo. Sababbi biyu, 63V, 105°C, na auna su a gaban mai shagon kafin na miƙa kuɗi. Ya yi ta dariya yana cewa ɗan boko ya zo da asibiti. Tana nan tana aiki, gurnani ya ɗauke.

40/ Abokiyar wadda ta fashe, da aka ciro su tare, na yanka ta da zarto. Takardar ciki ta bushe kamar ganyen kuka a watan Maris. Tana kan teburina a hostel, duk wanda ya zo da zancen tsohuwar zuma ita nake miƙa masa.

41/ Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki. Ka zo da tsohuwar Japan ɗinka mafi nauyi, mu yi mata gwaji huɗun nan a gaban jama'a. In ta ci duka, shayi da ƙwai biyu a kaina, kuma zan dawo nan in rubuta cewa ta ci. In ta faɗi, ka bar min gwangwanin, ina tara su. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku tura wa mai gyaran unguwarku. Ku tura masa da ladabi fa.